Taɓaryar Inna

Shekarun da na yi ina koyar da ilmin halayyar ɗan Adam a jami'a sun fi shekarun da yawancin ɗalibaina suka yi a duniya, kuma duk farkon zango da tambaya ɗaya nake buɗe aji. Nakan ce duk wanda yake ɗan fari a ɗakinsu ya ɗaga hannu. Su ɗaga. Sai in ce wanda ya taɓa jin sunansa a bakin mahaifiyarsa ya bar nasa a sama. A shekarun farko kusan duk hannuwan sauka suke yi, aji ya ɗauki dariya. Kafin in yi ritaya kuwa hannuwa da yawa sun daina sauka, har wata yarinya ta ce mini ita mamanta da sunanta take kiranta safe da yamma, in ta yi laifi ma ta haɗa da na ubanta.

Daga nan nake shiga darasi, domin wannan kunya da ke tsakanin uwa da ɗanta na fari ita ce abin da na ƙare rayuwata ina bincike a kai. Na yi rubuce-rubuce, na yi yawon taruka, har aka wayi gari ana ce mini farfesa. Mutane sun ɗauka a littattafan Turawa na tsinto batun, ni kuma da yake rigar ta yi mini kyau ban taɓa gyara musu ba. Yanzu da ba ni da aikin da ya wuce watsa wa tattabaruna gero da shan kashi a dara wajen maƙwabta, gara in faɗi gaskiya. A bakin turmin gidanmu na Wurno na samo shi, kuma wadda ta koya mini bincike ba ta taɓa riƙe alƙalami ba.

Zamanin Turawa ne, ina saurayi, sabon malamin elemantare a Rabah. Ina da keke, ina da farin wando da ba ya rabuwa da guga, ina kuma da wani ɗan littafi a kan tunanin yara wanda na karanta har bangonsa ya fita. In ka gan ni a lokacin sai ka rantse ni na ƙago karatu. Akwai wani Bature mai zagayen duba makarantu, dogo mai jan wuya. Yana jin Hausa daidai gwargwado, sai dai komai aka gaya masa "madalla" yake cewa, ko da labarin zazzaɓi ne. Ana gab da hutu ya shigo ajina, ya ga littafin a kan tebur, ya jujjuya shi, ya ce in same shi bayan an tashi.

Abin da ya gaya mini ya hana ni cin abincin rana. Ya ce akwai gurbi ɗaya tak na ƙaro ilmi a ƙasarsu, a kan wannan fanni na tunanin yara, kuma mu uku yake dubawa a cikin malaman lardi. Kowa zai yi aikin hutu ya rubuta rahoto, wanda nasa ya fi shi ne zai tafi. Nawa aikin shi ne in bi gida-gida in tambayi iyaye mata game da 'ya'yansu: wane ne mai ƙwazo, wane ne mai biyayya, wane ne hankalin uwa ya fi kwanciya da shi. Ya ba ni takardu masu layi-layi da ƙananan akwatuna da zan riƙa cikewa, ya ce ƙarshen hutu zai biyo ta Wurno ya karɓa. Ina son gurbin nan kamar in yi hauka. A hanyar gida har na fara koyon yadda zan riƙa ɗaga wa mutane hannu daga cikin jirgi.

Sai da na isa Wurno na tuna abin da Baturen bai sani ba, ni kuma ɗoki ya mantar da ni. Wane magidanci ne zai bar tuzuru mai farin wando ya shiga gidansa ya zauna yana yi wa matarsa tambayoyi? Gida uku na gwada, uku ɗin a zaure aka sallame ni da ruwan sanyi da addu'a.

Kakata ce ta cece ni, mahaifiyar babana. Ita ta yaye ni, a ɗakinta na tashi, domin ni ne ɗan fari a gidanmu. Ungozoma ce, babu gidan da ba ta yanke cibiya ba daga Wurno har ƙauyukan da ke kan hanyar Goronyo, don haka babu ƙofar da ke rufe mata. Da na kai mata kuka sai ta dube ni sama da ƙasa.

"To, miji na banza," ta ce, don haka take kirana. "Yau ka san da ni? Ɗaura ma jakina akumari, mu tahi in gani mi Bature ka so ga matan mutane."

Haka muka yi yawon nan, tana bisa jaki tana cin goro, ni ina tura keke a gefenta, domin in na hau na bar ta a baya, in na jira ta kuma keken ya kayar da ni. Lokacin cirar albasa ne, fadama ta cika da mutane, duk inda muka bi sai an tsayar da ita a gaisa, a cusa mata albasa a mangala. A lokacin ba a yi madatsar ruwan Goronyo ba, gulbi yana tafiyarsa yadda Allah ya yi shi. In mun isa gida sai ta shige ta yi magana da maigida, a shimfiɗa mini tabarma a bakin ƙofa, matar gida tana daga ciki bayan asabari, ni ina karanta tambaya, Kaka tana zaune a tsakani kamar alƙali.

Ban daɗe da farawa ba na lura da wani abu. In na tambayi mace game da autanta, sai na roƙe ta kafin ta yi shiru. In na tambayi na tsakiya, ta faɗi kirkinsa ta faɗi ɓarnarsa. Amma da na ce "babban fa?" sai gida ya yi tsit. Matar wani marini a Wurno ta ce, "Wanne?" alhali 'ya'yanta biyu ne duka-duka. Wata a Rimawa, wadda ɗanta ya sauke Alƙur'ani kuma shi ke riƙe da gonar gidan, cewa ta yi, "Ci da kwana, shi na aikinai." Wata Bafulatana a Giyawa ba ta ma tsaya ba, ƙwaryar nononta ta ɗauka ta yi gaba. Wadda ba na mantawa ita ce matar wani masunci a Goronyo. Duk garin an san babu mai tuƙa jirgi kamar babban ɗanta, amma da na tambaye ta sai ta ce, "Gulbi dai haƙuri shikai da shi."

Duk na cika akwatunana, a gaban kowane ɗan fari na sa alamar da ke nufin uwa ba ta yaba ba. Kada a ɗauka ban san al'adar ba. Wa ya tashi a ƙasarmu bai san uwa na kunyar ɗanta na fari ba? Amma littafina ya ce yaron da ba ya jin yabo daga bakin uwarsa a takure yake tashi, ni kuma ina da wani tsohon ciwo da ban taɓa nuna wa kowa ba. Tunda na yi wayo Inna, mahaifiyata, ba ta taɓa kiran sunana ba. "Wancan" take cewa, ko "mutumen Kaka". In na shigo ta ƙofa sai ta sami abin dubawa a cikin tukunya. Ranar da na ci jarrabawar shiga makarantar midil duk unguwa ta zo barka, ita kuwa tankaɗe take yi. Nakan ce wa kaina al'ada ce, amma can ƙasan zuciyata ina zargin al'adar ta daɗe har ta cinye abin da take rufewa. Da na ga akwatunan sun jeru iri ɗaya sai na ji kamar an ba ni shaida. Raina ya sosu, kaina kuma ya kumbura, don na ga na gano abin da zai girgiza Bature.

A gidan wani ɗan'uwan Kaka a Goronyo na rubuta rahoton, da rubutu mai kyau kamar na ɗab'i. A hanyarmu ta komawa rana ta take, muka fake a gindin wata tsamiya, sai zumuɗi ya sa na ce bari in karanta mata, ina juyawa da Hausa. Ta saurara tana tauna goronta har na zo ƙarshe, inda na rubuta cewa a ƙasarmu ɗan fari yana tashi ba tare da son uwarsa ba.

"Maimaita wurin nan," ta ce.

Na maimaita, har da gyaran murya. Ta tofar da goron. Ban taɓa ganin ta zubar da goro bai gama mutuwa ba.

"Ashe shekarun ga da kay yi makaranta, kunnuwa sunka ƙara maka sunka ɗebe idanu. Ka tambayi mace abin da anka hana ta hwaɗi, tak ƙi hwaɗi, kai kau ka rubuta babu. Wanga shi na ilmin da za a kai ka ƙetare ka ƙaro?"

Na ce ai abin da suka faɗa da bakinsu na rubuta, kuma haka ake bincike. Na ma kawo mata sunan littafin, kamar zai tsorata ta. Ta ce in ajiye littafin in taimaka mata ta hau jakinta. Da muka shiga Wurno, a ƙofar gida sai ta juyo ta ce kwana nawa ya rage Baturen ya zo. Na ce tara.

"Sun isa. Gobe da hantsi ka zamna ƙohwar ɗakina, ka rufe bakinka. Ni za ni yi tambaya."

Gidanmu sashe biyu ne, na Kaka da na su Inna, da wata katanga a tsakani wadda ta ɗan fi tsawon mutum. Ba a ganin juna amma ana jin komai. Washegari da hantsi na zauna inda aka ce. Inna tana daka a nata sashen, taɓarya na sauka a hankali, dum, dum, kamar yadda nake jinta tun ina goye. Kaka ta matsa jikin katanga ta ɗaga murya, ta ce autar Inna ta ce kanta na ciwo. Nan take aka jingine taɓarya. Inna ta zagayo tana kiran sunan yarinyar, tana faɗa, tana taɓa mata goshi. Baiwar Allah tana tsaka da wasanta aka kama ta aka ɗura mata jiƙo mai ɗaci, tana rantsuwa lafiyarta lau. Kaka ta dube ni ta ce in riƙe wannan a raina.

Kashegari a daidai wannan lokaci, ana cikin daka, ta sake matsawa jikin katangar.

"Mijin nan nawa bai tashi lahiya ba," ta ce, kamar da kaji take magana. "Kai na ka sara mai."

Inna ba ta ce komai ba. Ba ta tambaya ba, ba ta zagayo ba. Na fara yi wa Kaka kallon ai na gaya miki, sai ta ɗaga yatsa ta nuna kunnenta. A nan na lura taɓarya ta tsaya. Ba jingine ta aka yi ba, don da na ji. Tana sama, a hannu. Na ja numfashi ɗaya, na ja na biyu, na ja na uku, sannan ta sauko, ta ci gaba da sauri-sauri kamar ana korar mai dakan. Na yi shekara ashirin da wani abu ina jin taɓaryar nan, ban taɓa jin ta yi tuntuɓe ba sai ranar.

Ba a jima ba ƙwarya ta bayyana a bisa katanga, kunun tsamiya ne yana tururi. Muryar Inna ta biyo baya, da Kaka take magana: "Ragowa na, kada shi lalace." Kafin azahar wata ƙwaryar ta hau, fura ce da sabon nono, ita ma ragowa. Da la'asar jiƙon nan mai ɗaci ya iso, wai an dafa ya yi yawa. Ni da lafiyata garau haka na kwanta ina nishin ƙarya, kunya kamar ta kashe ni, Kaka kuwa ta zauna ta raba furar biyu ta shanye rabi, ta ce ladan aikinta ne. Jiƙon ne kawai ta bar mini duka.

Daga baya a jami'a na koya wa ɗalibai yadda ake shirya gwaji: a yi abu ɗaya ga mutum biyu, a canja abu guda kawai, a zuba ido. Nakan rubuta shi a allo da manyan kalmomi. Ban taɓa ganin wanda ya shirya shi tsaf kamar tsohuwar nan ba, ga shi ta ci rabin kayan gwajin.

Da idona ya buɗe sai ya ƙi rufuwa. Tun ina yaro nake kiwon tattabaru, a cikin tsofaffin tukwane da na jera a jikin rumbun su Inna. Da na tafi midil na bar su, duk zuwa hutu kuma sai in tarar sun ƙaru, in ce a raina tattabara akwai albarka. Ban taɓa tambayar wa ke ba su hatsi ba. Da sassafe na leƙa ta wata 'yar kafa da ke jikin katanga, sai ga Inna tana watsa musu gero tana mita, wai sun ishe ta da kashi, wai mai su ya tafi ya bar wa mutane wahala. Tana mitar tana ƙirga su da ido. Ta kamo wata mai karyayyar ƙafa, ta duba ɗaurin kara da zare da ta yi mata, ta sake ta. Tukwanen ma an yaɓe bakinsu da sabuwar laka. Kaka ta ce shekarun nan duka ko ɗaya Inna ba ta bari an yanka ba. Akwai ranar da babana ya yi baƙi ya ce a kamo biyu, aka nemi wuƙar gidan sama da ƙasa aka rasa, sai da baƙin suka tafi ta fito daga cikin tulu.

Na koma ɗakin Kaka na zauna, na yi kuka kamar yaro, kuka mai daɗi irin wanda ban san akwai shi ba. Kaka ta bar ni na gama, sannan ta ce in share majina kada in ɓata farin wando.

Kwanakin da suka rage na hau kekena ni kaɗai, ba takarda ba tambaya. Na koma Goronyo na zauna a bakin gulbi wajen masu fito. Da la'asar sai ga matar masuncin nan, dattijuwa, ta sauko da ƙore a ka. Wankakku ne tas, amma ta duƙa ta sake wanke su, ɗaya bayan ɗaya, ba ta ɗaga kai ba har jirgin babban ɗanta ya ɓullo daga kwana. Yana taɓa gaɓa ta tattara ƙorenta ta juya, ko kallonsa ba ta yi ba. Masu fito suka ce kullum haka take, sun ɗauka tsabta ce ta yi mata yawa. A Rimawa ma na tarar mai ci da kwana sanye da hula sabuwa, ya ce ya tsince ta a kan shimfiɗarsa, ba wanda ya ce shi ya ajiye.

Saura kwana biyu na yaga rahotona mai kyau. Ba da sauƙi na yaga shi ba, don na san shi ne irin abin da aka ce in kawo, ga akwatuna a cike, ga ƙarshe mai tsoratarwa. Na rubuta wani a gurguje, duk gogewa da karce. Na fara da cewa na yi kuskure, na tambayi baki abin da hannu ne ke amsawa. Na sa labarin taɓarya, da ƙore, da hula, da kalmar nan ta ragowa. Babu akwati ko ɗaya a ciki. Da na gama na dube shi sai na ga ya fi kama da hirar tsofaffi, na ce shi ke nan, jirgi ya tafi da wani.

Baturen ya iso ranar da ya ce. Aka shimfiɗa masa buzu a zauren babana, ya zauna yana naɗe dogayen ƙafafunsa, ya karanta daga farko har ƙarshe. Ko "madalla" ɗaya bai ce ba. Ya tambaye ni ina akwatunan, na ce na yaga. Ya ajiye rahoton a cinyarsa. Can ya ce labari ne mai daɗi, amma shi ba ya yarda da abin da bai gani ba, yana so ya tambayi uwa ɗaya da bakinsa, kuma ga uwa a kusa. Babana ya ce in daga bayan ƙofa ne babu laifi. Kaka ta shiga ta taho da Inna har bayan ƙyauren zaure.

Bayan gaisuwa Baturen ya ce, "Ɗanki babba, yana da ƙoƙari?"

Sai muryar Inna, ƙasa-ƙasa: "Wanne?"

"Malam, wannan da ke zaune."

"Ban san mi shikai ba. Ci dai, ba a hi shi ba."

Muka ji tafiyarta ta koma ciki. Baturen ya ciro alƙalami ya rubuta wani abu a bayan rahoton. Na san abin da na rubuta gaskiya ne, amma ga mutumin da gurbin ke hannunsa ya ji da kunnensa uwata ta ce ban iya komai ba sai ci. Babana ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi, shi ma ba zai yabe ni ba, don kunyar ta shafe shi.

Muna nan zaune sai Kaka ta shigo da akushi a rufe da faifai, ta dire a gaban baƙo. "Ta ce ragowa na," in ji ta, fuskarta ba alamar dariya. Baturen ya ɗaga faifan. Shinkafar fadama ce, a kanta ga kaza guda sukutum, ƙafa biyu, fiffike biyu, ba abin da aka taɓa. Ni na gane ta. Wake-waken kazar nan ce da ta fi kowace ƙwai a gidan, wadda Inna ke kora mana in mun matsa kusa da akurkinta. Baturen ya dubi kazar, ya buɗe rahoton ya nemo wani layi da yatsa, ya sake duban kazar. Sai ya fashe da dariya har jan wuyansa ya ƙara ja.

"Madalla," ya ce. Wannan karon a wurinta ta faɗo.

Ya ci ya yi nak, ya naɗe rahoton ya sa a jaka. Game da gurbi kuwa bai ce komai ba, sai dai akwai sauran mutum biyu da zai gani. Hutu ya ƙare na koma Rabah, ina koyarwa rabin hankalina na kan hanya. Duk ƙurar da ta tashi sai na leƙa ta taga. Sai da na fara fid da rai, wata ranar Alhamis masinja ya kawo takarda. Na karanta ta a tsaye, na sake karantawa a zaune. Ni aka zaɓa.

Juma'a ba makaranta, don haka ina idar da sallar asuba na soke takardar a cikin hula na hau keke. Ban san yadda na keta rairayin hanyar nan ba, na dai san na gai da mutane da yawa da ban sani ba, har da wani raƙumi. Da hantsi na shiga gida ta sashen Kaka. Daga bayan katanga ana daka, dum, dum. Na gaya wa Kaka a kunne. Ta rungume ni, ta ture ni, ta ce yanzu sai in auro Baturiya in manta da ita. Sannan ta gyara ɗaurin zanenta ta matsa jikin katanga.

"Mijin nan nawa, an ɗauke shi. Shi Bature yaz zaɓa cikin malamman lardi duka. Za shi ƙetare karatu."

Taɓarya ba ta tsaya ba. Muryar Inna ta zo a daidai, kamar an ce mata an kawo itace: "To."

Shi ke nan abin da ta ce. Dum, dum. Sai kuma na ji dakan ya ɗauke, na ji tafi, kau, sannan dum. Ban gane ba sai da aka sake. Shiru, tafi, dum. 'Yan mata ke yin haka in daka ya yi daɗi, su cilla taɓarya sama su tafa kafin su cafe. Inna mai 'ya'ya shida, wadda ko dariyarta ba a ji daga zaure, ita ce ke cilla taɓarya a tsakar gida. A na uku har tafi biyu ta yi kafin ta cafe.

Na zabura zan leƙa ta kafar katanga, Kaka ta damƙe mini riga.

"Kada ka diba," ta ce a hankali. "Ba naka na ba. Bar mata abinta."

Ban leƙa ba. Na tsaya a jikin katangar bakina har kunne, hawaye na zuba, har dakan ya koma yadda yake kullum. An tafa mini a manyan ɗakunan taro bayan haka, a garuruwan da Inna ba ta taɓa jin sunansu ba, kuma na ji daɗi, ba zan yi ƙarya ba. Amma duk lokacin da aka fara, kunnena wancan tafin yake nema. Har ta koma ga Allah ba ta kira sunana ba, ni kuma ban ƙara jira ba. Tattabarun da nake watsa wa gero yau jikokin jikokin nata ne.

Ranar dai, kafin azahar, ƙwarya ta bayyana a bisa katanga. Fura ce har baki, da nono mai kauri, aka ce ragowa ce. Wannan karon ban raba da Kaka ba.